Riƙon 'Yan Kwikwiyon da Suka Rasa Uwa: Aikin Mako Takwas

A hunturun bara yaran unguwarmu a Samaru suka zo ƙofar gida suna cewa, "Baba, mota ta take wata karya, ga 'ya'yanta can cikin kwalbati." Su biyar ne, ido bai buɗe ba, jiki sanyi ƙalau kamar ruwan randa. Huɗu sun rayu a hannuna. Na biyar ɗin kuskurena ne ya kashe shi, shi ya sa zan fara daga nan.

Na ji suna kuka sai na ɗauka yunwa ce, na dama madarar gari na ɗura musu. Ashe kwikwiyon da bai wuce mako uku ba ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, kuma in sanyi ya kama shi cikinsa ba ya narkar da komai. Ɗumi ne farko. Samu kwali ka shimfiɗa tsumma, ka cika gorar roba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsohon zani ka ajiye a gefe ɗaya, yadda wanda zafi ya dama zai ja jiki ya matsa. Sai ka taɓa bakinsu ka ji ya ɗau ɗumi kafin ka yi maganar nono. Kuma kafin ka kwashe su, tabbatar uwar ta mutu ko ta ɓace. Wata ta je neman abinci ne kawai, kuma babu mai riƙon da ya kai ta.

Madarar shanu zawo take sa su, zawo kuwa yana iya ƙarar da ɗan mitsitsin kwikwiyo a yini guda. Akwai madarar da aka haɗa dominsu a shagunan maganin dabbobi. In dare ya yi ba ka samu ba, nonon akuya da aka tafasa ya huce zai riƙe su zuwa safiya. Da ƙaramar fida ko sirinji marar allura ake ba su, kowane awa biyu zuwa uku, har da tsakar dare. Kwantar da shi rub da ciki, kansa a ɗan ɗage. In ka rungume shi a rigingine kamar jariri, madara za ta bi ta huhu. Bayan ya sha, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa ƙasan ciki da gindin wutsiya har ya yi fitsari da kashi. Uwar lasa take yi, kuma sai sun kai kusan mako uku suke iya yi da kansu. Makon farkon nan akwai wahala ƙwarai. Ni da babban ɗana muka raba dare, shi daga isha zuwa ƙarfe ɗaya, ni zuwa asuba.

Tsakanin kwana 10 zuwa 14 ido zai buɗe. Daga mako biyu a fara maganin tsutsar ciki, a maimaita duk bayan mako biyu, amma likitan dabbobi ne zai auna nauyinsu ya faɗi adadi. Ƙuma da kaska a cire da hannu da mataji. Kada ka kuskura ka shafa musu kananzir, baƙin mai ko maganin feshin shanu. Wajen mako huɗu za su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa a faranti: abincin kwikwiyo da aka jiƙa, ko shinkafa mai laushi da dafaffen ƙwai da kifin da aka zare wa ƙaya. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza.

Maƙwabcina ya taɓa tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Malam, kare a gidanka?" Na tuna masa hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa a rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. A wani ɗaki na bayan gida na ajiye su, nesa da inda muke salla, da kwanonsu daban, kuma duk wanda ya taɓa su sai ya wanke hannu da sabulu.

Allurar farko tsakanin mako shida zuwa takwas ake yin ta, ta cutar nan mai sa amai da zawon jini wadda likitoci ke kira parbo. Kafin a yi ta kada ƙafarsu ta taka titi, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa. Ni asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello na kai nawa. Ta haukar kare kuma sai sun cika wata uku, kuma a nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukar kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. In kwikwiyon titi ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da wasa ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a je asibiti a ranar. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan yaye. Karya tana iya ɗaukar ciki tun tana wata shida ko bakwai, cikin kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, biyar ko shida a kowane zubi. In ka raini mace ka bayar haka nan, badi 'ya'yanta ne za a tsinta a wata kwalbatin. Zuba guba da ake yi a unguwanni ba ya rage su. Muddin bola da sharar mayanka suna nan, wasu karnukan za su zo su maye gurbi, ga kaji da yara a cikin haɗari. Abin da ke aiki shi ne fiɗiye maza, a yi wa mata aikin cire mahaifa a wurin likita, a kuma yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, wanda shi ne ke katse yaɗuwar hauka.

Kada ka bayar kafin mako takwas, kuma kada ka miƙa wa yaron da ya zo yana roƙo ba da sanin iyayensa ba. Nemi mai buƙata ta gaske, mai gadi, makiyayi ko mafarauci. Tambaye shi inda zai kwana, me zai ci, ka haɗa masa da katin allura ka rubuta ranar ta gaba. Nawa maza uku, biyu sun tafi wani gidan gonar kaji a hanyar Funtuwa, ɗaya wurin wani mafarauci. Macen na riƙe ta har ta cika wata shida aka yi mata aiki, ɗinki ya warke, sannan mai gadin wata makaranta ya zo ya tafi da ita.