Yadda na gyara amsa-kuwwa a falo mai tayil

Falon mita 5 ne da mita 4, ƙasa tayil, bango siminti. Magana a talabijin ba ta fita tas, bas kuma, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, sai gunji. Laifin ba na lasifika ba ne, ɗakin ne: tafi ɗaya a tsakiyarsa, sai ka ji sautin yana ta dawowa.

Na fara da abin da ba ya cin ko sisi. Na janye lasifikokin daga kusurwa, na bar tazarar santimita 60 tsakaninsu da bango, domin lungu yana kumbura bas. Tsakanin lasifikokin mita 2, daga kowace zuwa kujera ma mita 2, kujerar kuma ba ta jingina da bangon baya.

Sai madubi. Ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ka hango lasifika a ciki, nan sauti ke fara bugawa ya dawo kunnenka. A wuraren na rataye allunan da kafinta ya haɗa: firam ɗin katako santimita 60 da 120, an cika shi da rockwool (wani abu kamar auduga da ake yi da narkakken dutse, yana shanye sauti) mai kaurin santimita 10, an lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Hura yadin da baki. In iska ba ta wuce ba, canza shi. Sa safar hannu da takunkumi, rockwool na sa ƙaiƙayi.

Kafet mai kauri tsakanin kujera da lasifika, labule mai nauyi a taga. Manna kiret ɗin ƙwai a bango don rage amsa-kuwwa ɓata lokaci ne, siririn soso kuwa siririyar murya kawai yake shanyewa, ya bar gunjin bas yadda yake.