Yadda za ka toshe wa gungun ɓarayin shago hanya, tun daga kanta har akawun

Ba maganar yaron da ya zari biskit ya arce nake ba. Akwai waɗanda sata sana'arsu ce kuma sun raba aiki tsaf, da masu shiga shago su ɗauka, da mai adaidaita da ke jira a bakin layi, da mai ajiya, sai uban tafiyar wato mai saye, wanda zai karɓi katan ɗin madara ko wayoyi a rabin kuɗi ya sake zuba su kasuwa ko ya ɗora a Facebook. In babu shi sauran ba su da aikin yi, shi ya sa duk matakan nan shi suke hara.

Na farko ka san abin da ke shagonka. Abin dariya ne amma wallahi da yawanmu ba mu ƙirga kaya sai an zo fitar da zakka, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ka ware kayan da suka fi tsada kuma suke shiga aljihu ko ƙasan hijabi, turare, madarar jarirai, man shafawa, caja, ka dinga ƙirga su duk dare kafin ka rufe. A shagon yayana sai da muka fara haka muka gane cewa duk ranar da kaya suka yi ƙafa, wasu mutum uku ne suke zuwa daf da magariba lokacin yaron shago ya tafi alwala, ɗaya daga cikinsu ya tsare yayana da ciniki yana "Alhaji sauko min da wancan na sama, a'a ba shi ba na gefensa", ɗaya ya tsaya ya kare ƙofa, ta ukun tana lodi. Tun daga nan kayan tsada suka koma bayan kanta, kuma ba a barin mutum ɗaya a shago lokacin sallah.

Na biyu, kayanka su zama da shaida. Mai sayar da waya ya rubuta IMEI, wato lambar shaidar waya, na kowacce a littafi tun ranar da ta shigo, yana jikin kwali, ko ka danna *#06# ya fito. Ranar da wayar ta ɓulla a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, lambar nan ce za ta yi magana ba rantsuwa ba. Mai kayan masarufi ya ajiye rasit ɗin sari da lambar da ke jikin katan. Kyamara kuma a saita ta daidai fuska a ƙofa, don wadda aka maƙala can sama hula kawai take ɗauka.

Na uku kuɗi, nan ne ake cin mutane da yawa. Kar ka saki kaya don an nuna maka hoton tiransifa ko don tes ya shigo, alat na bogi ya yi yawa, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukuna. In sunan da ya turo daban ne da wanda ke gabanka ka tambaya. Wanda kuma ya ce "na yi kuskure na turo fiye da kuɗin, maido min ragowar a hannu ko ta wannan akawun", ka tsaya cak, sau tari kuɗin wani aka sata ake son wanke su ta hannunka, ranar da aka biyo sawu akawun ɗinka za a fara rufewa.

Na huɗu, in an yi maka kar ka ce ka bar wa Allah ka yi shiru. Ka kai wa 'yan sanda rahoto da bidiyo da lambobin kaya da bayanin tiransifa, ka sanar da bankinka a ranar, don akawun yana ɗaure da BVN ko NIN ɗin wani. Ka gaya wa shugabannin kasuwa, a saka hoton a guruf ɗin 'yan layi, sau da yawa za ka ji shago biyar sun ce mu ma su ne. Ƙara biyar a haɗe ta fi ɗaya nauyi. Dukan ɓarawo kuwa ba ya dawo da katan ko ɗaya, sai ma ya ja maka shari'a.

Na ƙarshe kai ma kar ka zama mai sayen. Ko a Amurka sai da suka yi doka da ta fara aiki a Yunin 2023, ta tilasta wa kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay tantance duk mai sayarwa da ya yi ciniki 200 da jimillarsu ta kai aƙalla dala 5,000 a shekara. Mu nan Arewa sashe na 317 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, yana nan kan karɓar kayan sata. Wanda ya kawo maka kaya da araha ta fitar hankali ba rasit, ce masa ya kai ka wurin wanda ya saro, ka ga ko zai dawo.