Yadda ake haɗa buldog da karnukan unguwa ba tare da an yi cizo ba

Yawancin waɗanda na gani sun sayi buldog, wani irin kare mai gajeren hanci, kuskure ɗaya suke yi. Ranar farko da za su fita da shi, sai su ja shi kai tsaye gaban karen maƙwabci, hanci da hanci, wai su gaisa. Ni ma haka na yi da nawa yana wata bakwai, a bakin ƙofar gidan mai karen, muka ƙare a wurin likitan dabbobi da yagaggen kunne. Kuɗin ɗinkin bai dame ni ba kamar watannin da ya yi yana rawar jiki duk lokacin da ya hango kare.

Maganar abinci da wanka ba sai na faɗa ba. Rigakafi ne kawai ba na sassauci a kansa: kada ƙafarsa ta taka titi sai ya kammala allurar cutar fabo, mai sa 'yan kwikwiyo gudawar jini, da ta haukan kare da ake yi daga wata 3. Ka tambayi mai ɗaya karen ko nasa ya samu. In ya fara kame-kame, a bar maganar.

Kafin ka fita, ka san abin da sauran karnuka suke gani a jikin naka. Asalin buldog Ingila ne, inda ake gwabza shi da bijimai har aka haramta wasan a 1835, kuma tun daga nan masu kiwo suka yi ta gajarta masa hanci. Karnuka da jela da kunne da fuska suke magana da juna. Shi kuwa jelarsa guntuwa ce, fuska duk ninki, haɓa a turo gaba, ƙirji a buɗe kamar ɗan dambe. Numfashinsa ma kama da gurnani yake. Kai ka san haka yake shaƙar iska ko da yana cikin murna, amma karen unguwa ɗauka yake an zo neman faɗa.

Na farko, zaɓi kare ɗaya tak, mai sanyin hali, wanda mai shi zai iya riƙe shi. Idan naka namiji ne, fara da karya. Karen gadi da yake wuni a ɗaure da sarƙa, kada ma ka gwada.

Na biyu, wuri da lokaci. Ba gidanka ba, ba gidansu ba. Fili ko titin da babu mai cewa nasa ne. Ku fita bayan asuba ko dab da magariba. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, buldog kuma gajeren hancinsa ba ya ba shi damar yin hakan sosai, don haka zafin watan Afrilu a ƙasar Hausa yana iya kashe shi. Ka ɗauki gorar ruwa. Abin wuya kuma ka ajiye shi, ka sa masa ɗamarar ƙirji. Ta kanti tana da tsada, amma mai ɗinkin jaka zai haɗa maka da madauri mai faɗi idan ka nuna masa hoto.

Yanzu ga inda ni na yi kuskure, kuma nan ne aikin yake. Kada su fuskanci juna ko kaɗan. Ku kama tafiya kuna fuskantar gefe ɗaya, kai a wannan bakin titi, shi a wancan, tazarar kamar taku 15. Ku yi ta tafiya kuna hirarku. Duk lokacin da naka ya kalli wancan ya dawo da ido kanka, ba shi ɗan guntun nama. Idan ya ƙura ido, jiki ya sanƙare, baki a rufe, kun matso da yawa, ku ƙara tazara. Ranar farko minti 10 ya isa, a koma gida ba tare da sun taɓa juna ba. Na san za ka ji kamar ba a yi komai ba. An yi. Wancan karen ya ji wannan numfashin na minti 10 kuma babu abin da ya same shi.

Kullum ku rage taku biyu ko uku. Wajen kwana na huɗu ko na biyar, bar ɗaya ya bi bayan ɗaya ya sunsuni gindinsa. Ƙirga uku a zuciyarka, ka kira naka, ku ci gaba da tafiya, sannan a musanya. Igiya ta kasance a sake. Ni jan igiya na yi da na tsorata, na ɗaga masa ƙirji sama, wancan ya ga kamar za a afka masa, sai ya riga shi.

Idan suka fara durƙusar da ƙafafun gaba suna ɗaga baya, wasa suke nema, ka sake su a wuri mai katanga, babu kwanon abinci, babu ƙashi. Ka raba su duk bayan minti biyar, don buldog mai nauyin kilo 23 in ya yi karo da ƙaramin kare, wasa kan zama faɗa. In harshensa ya fara duhu ko yana tangaɗi, inuwa, ruwa mai ɗan sanyi a jiki, sai wurin likita.

Faɗa in ya kaure, kada hannunka ya je kusa da baki. Watsa musu ruwa, ko kowa ya ɗaga ƙafafun bayan nasa ya ja baya. Karnukan da suke yawo garke-garke, juya ka canja hanya. Mutanen unguwa kuma da yawa ba sa son kare ya taɓa musu tufafi, balle mai dalalar miyau irin wannan, don haka lokacin sallah ka kauce wa hanyar masallaci. Kun dawo gida, duba kaska a kunne da tsakanin yatsu, ka goge ninkin fuskarsa ya bushe.