Kafin ka ɗauko tsohuwar kujera daga ƙauyukan Amish

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, motocin mutanenmu na Harrisburg da Philadelphia, a jihar Pennsylvania ta Amurka, sukan nufi garin New Holland, inda ake gwanjon tumaki da awaki ranar Litinin. A hanyar dawowa ne sabon zuwa yake fara ganin shagunan tsofaffin kaya a bakin gonaki, kujeru da tebura jere a ƙofar wani ƙaton rumbu, sai ya ce a tsaya, ɗakinsa ko tabarma babu. Na ga haka ya fi sau goma. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu, don na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci ga mutanen da suke gyaɗa kai amma ba sa ji.

Hanya ba ta da wuya. Daga Harrisburg ka kama titi mai lamba 283, kafin awa guda kana Lancaster, daga nan titi 340 zai ratsa da kai Bird-in-Hand da ƙauyukan gabas. Abin kula kawai shi ne keken doki. Na wannan yanki ruwan toka ne, da alama mai kusurwa uku ruwan lemo a baya, kuma tafiyarsa ba ta fi ta mai keke ba. Kada ka danna masa ham, doki na iya firgita da yara a ciki. Bi shi a hankali har ka ga gabanka sarai, sannan ka wuce da tazara.

Su Amish Kiristoci ne da kakanninsu suka taso daga Switzerland da kudancin Jamus. Sunan ya samo asali daga Jakob Ammann, wanda ya jagoranci rabuwarsu da sauran 'yan ɗariƙarsu a 1693, kuma sun fara sauka a Pennsylvania a ƙarni na 18. A gida suna magana da wani karin Jamusanci, duk wanda ba nasu ba kuma "Ingilishi" suke ce masa, ko da daga Maraɗi ya zo. 'Ya'yansu suna tsayawa a aji takwas, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da wannan 'yanci a 1972. Magidancinsu yana barin gemu ya aske gashin baki, matansu ba sa fita kai a buɗe. Bahaushe yakan ji wani abu ya taɓa zuciyarsa idan ya gan su, kuma daga nan ne kuskuren farko yake zuwa, sai hannu ya tafi aljihu neman waya. Ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu, suna ganinsa hanyar girman kai. Na taɓa ganin wani ƙanenmu ya tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da ƙwai yana ɗaukar bidiyo don ya tura gida. Matar ba ta ce uffan ba, ta juya baya kawai. Na ce masa, "Ƙanena, da Bature ne ya shigo gidanku ya saita wa Inna kyamara, ya za ka ji?" Nan take ya goge. Ɗauki gona, ɗauki rumbu daga bakin titi, ka bar mutane.

Ranar Lahadi ba sa ciniki ko kaɗan, za ka ma ga an rubuta haka a allunansu, saboda haka Asabar da safe ta fi. Wanda Lahadi ce kaɗai hutunsa ya nufi Adamstown, can ne manyan kasuwannin tsofaffin kaya suke ci a ranar. Abinci kuma a tambaya kafin a saya, domin akwai mai yin burodi da kayan zaƙi da kitsen alade, kuma abin da suke kira scrapple naman alade ne. Idan ka tambaya za su gaya maka gaskiya.

Shagon da nake zuwa na wasu iyali ne, a cikin tsohon rumbun gonarsu. Su ba Amish ba ne, maƙwabtansu ne, kuma haka da yawa daga cikin shagunan nan suke, na Mennonite, wata ɗariƙar Kirista 'yar'uwar Amish, ko na sauran mutanen gari. Dattijon yana zaune kusa da ƙofa yana gyaran ƙafar kujera, 'yarsa ce a kan kuɗi, jikansa ke ɗora kaya a mota. Ranar da na fara shiga na daɗe a tsaye ban ce komai ba. Ga fitilar ƙwai irin wadda muka yi karatun dare da ita, ga keken ɗinki Singer na ƙafa, ga dutsen guga na gawayi, ga kwanukan sha masu fenti irin na jeren ɗakin kakata, ga lauje da garma. Kayan da muka bari a gida muna ganin alamar talauci ne, a nan an goge su an rataya musu farashi. Dattijon ya ga na riƙe dutsen gugar, ya tambaye ni ko na san yadda ake aiki da shi. Na nuna masa yadda ake zuba garwashi a fifita, ya kira 'yarsa ta zo ta gani. Tun daga ranar muke gaisawa.

To amma a gane, wannan ba kasuwar gwanjo ba ce. A Amurka sai abu ya kai shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi na gaske, kuma tsufan shi ne abin da ake saya. Tebur mai tabo yana iya fin sabo tsada. Mai neman katifa da tukunya da araha ya je shagunan kayan gwanjo irin su Goodwill, ko ya tambaya a masallaci. A wannan fanni ina alfahari da jama'armu, domin ban taɓa ganin baƙo ya kwana a ƙasa mako biyu ba tare da wani ya kawo masa gado ko bargo ba. Ciniki kuma akwai shi, sai dai ba irin na Kasuwar Kurmi ba. Idan abu dala 100 ne ka taya 30, ba za a ce maka albarka a ci gaba da ja ba, za a yi shiru ne, ciniki ya mutu. Tambaya ɗaya ake yi cikin ladabi, ko akwai ragi, sau da yawa a cire maka kamar kashi goma cikin ɗari, musamman idan kuɗi hannu za ka biya. Kada ka kushe kaya don a rage maka, wataƙila na kakarsu ne. Ka riƙe tsabar kuɗi don ba kowa ke karɓar kati ba, ka kuma tuna da harajin saye na kashi 6 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan farashi.

Yanzu ga inda ya yi mini ciwo.

Kujerar da ta ja mini wahala ban saye ta a shagon dattijon ba. A wani gida na gan ta a hanyar dawowa, an fito da kaya tsakar fili ana sayarwa. Doguwar kujera ce mai laushi, kuɗinta bai kai na cefanen mako ba. Muka ɗaure ta a saman mota ina murna iyalina za su iso su tarar da falo. Bayan kamar mako uku na fara tashi da ƙuraje a hannu, na ɗauka sauyin ruwa ne. Sai da matata ta iso da yarinyarmu, ta ɗaga matashin kujerar ta ga ɗige-ɗige baƙaƙe a bakin ɗinki, ta ce, "Malam, kuɗin cizo ne." Lokacin sun riga sun shiga katifa, sun shiga tsagar katakon gado.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, na ɓoye. Kunya ta hana ni gaya wa mai gidan, ina tsoron a ce baƙi ƙazamai ne, ina kuma tsoron a kore mu. Na yi ta sayen maganin feshi wata biyu. Kuɗin cizo yana iya yin watanni bai sha jini ba, feshin kanti kuma tarwatsa shi yake yi ya bi bango ya shiga ɗakin maƙwabci. Haka aka yi. Maƙwabciyarmu ta kai ƙara, aka kawo masu feshi, aka gano daga ɗakinmu abin ya taso. A cikin takardar hayar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba, akwai layin da ya ce dole ɗan haya ya sanar da mai gida da zarar ya ga ƙwari, in ba haka ba kuɗin magani a wuyansa. Yarinyata tana kuka da dare tana susa, ni kuma ina zaune da takarda mai shafi goma sha wani abu ina neman wanda zai fassara mini.

Da shekara ta cika muka tashi. Kuɗin ajiyar da na bayar lokacin shiga, na haya wata biyu, ko sisi bai dawo ba, kuma ko takardar bayanin abin da aka cire ban gani ba. Na yi ta kiran waya har na haƙura. Sai daga baya wani lauyan taimakon marasa ƙarfi ya zaunar da ni ya karanta mini dokar haya ta Pennsylvania ta 1951. Ku riƙe wannan da kyau. A shekarar farko mai gida ba shi da ikon karɓar ajiyar da ta wuce hayar wata biyu, daga shekara ta biyu kuma wata ɗaya kawai zai riƙe. Idan ka tashi, yana da kwana 30 ya aiko maka da jerin ɓarnar da yake zarginka da ita a rubuce, tare da ragowar kuɗinka. In bai aiko da jerin ba, ya rasa damar riƙe kuɗin. In ya riƙe abin da ya wuce ɓarnar gaske, kana iya neman ninki biyu a ƙaramar kotun yanki. Amma akwai sharaɗi, sai ka ba shi sabon adireshinka a rubuce lokacin tashi. Ni da baki na gaya masa, a bakin mota, muka yi musabaha. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Lauyan ya tambaye ni kwafin wasiƙar, na ce babu, ya girgiza kai.

Saboda haka ranar da ka karɓi makulli, kafin ka shigo da ko jaka, ɗauki hoton kowane bango da kafet da murhu. Duk maganar da za ka yi da mai gida ka bi ta da saƙo a rubuce, ka ajiye. Ranar tashi ka rubuta adireshinka, ka riƙe kwafi, ka aika ta gidan waya da irin wasiƙar da ake sa hannu a karɓa. Ka ga ƙwaro ɗaya, sanar a ranar. Wanda ke yankinmu kuma ya shiga rikicin haya ya nemi MidPenn Legal Services, suna taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne har yau sai in ce wa yaro ya kawo takardar hayarsa mu karanta tare, ya ce ai mai gidan mutumin kirki ne. Nawa ma yana da fara'a.

Ban ce kada a sayi komai ba. Abin katako ko ƙarfe ko tangaran ba laifi, ka haska tocilan a kowace tsaga, ka zaro aljihunan tebur ka duba bayansu. Abin da ke da soso ko auduga a ciki, katifa ko kujera mai laushi, ka bar shi inda ka gan shi. Bargon hannu irin wanda matan Amish suka shahara da ɗinkawa, idan tsoho ne, a ɗaure shi a leda daga shago, a wuce da shi injin busar da kaya a zafi mafi ƙarfi na aƙalla minti 30 kafin ya shiga ɗaki.

Masu ƙananan yara, ku yi hattara da tsohon fenti. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan ɗaki, kuma yawancin abin da ke cikin rumbunan nan ya girmi wannan shekara. Duk wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Kada a sayi tsohon gadon jariri, irin mai gefen da ake saukewa ma an haramta sayar da shi tun 2011. Tsofaffin kwanuka masu ado a jera su a kabad, kada a zuba wa yara abinci a ciki.

Watan jiya na koma da wani ɗan uwa da ya iso daga Damagaram. Idonsa ya faɗa kan wata kujera mai laushi, na ce masa a'a, na ba shi labarina a tsaye a wurin. Ya saurara, ya zaɓi ƙaramin teburin cin abinci na katako marar fenti. Ya tambayi ragi sau ɗaya, 'yar dattijon ta cire masa dala goma. Muka kifa teburin a ƙofar rumbu muka haska ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, jikan ya taya mu ɗaurewa. Da za mu tafi ɗan uwan nan ya ce a ba shi rasit, ya ninke ya sa cikin jakar da takardar hayarsa take.