Yadda za ka samu likitan cututtuka masu yaɗuwa da katin CSU (shirin gwamnatin Kamaru na sauƙaƙa kuɗin asibiti) a Garwa ko Marwa

Ɗan'uwa, in tari ya ƙi tafiya ko zazzaɓi ya daɗe, kar ka tsaya sayen magani a bakin titi wallahi. Fara zuwa asibitin gwamnati na unguwarku, ka yi rajistar CSU ɗin da aka buɗe a 2023, ka riƙe katinka da karnen asibiti, wato ɗan littafin da likita yake rubutu a ciki. Likita ya duba ka, sai ka roƙe shi takardar turawa zuwa babban asibitin lardi, can ne ƙwararru suka fi yawa. Kafin ka biya ko sisi tambayi mai karɓar kuɗi abin da katin ya ɗauke, don maganin tarin fuka da na sida kyauta ne, amma wasu gwaje-gwajen daga aljihunka za su fito.