Idan gobarar daji ta tunkaro gari a Kaliforniya

'Yan'uwa da ke zaune a Kaliforniya, ina roƙonku ku gane sanarwa biyu da hukuma ke fitarwa. Ta farko gargaɗi ce, a shirya. Mai tsofaffi, yara ko dabbobi ni dai shawarata ya tashi tun a nan. Ta biyu umarni ce, a fita nan take. A Nuwamban 2018 wuta ta cinye garin Paradise cikin 'yan sa'o'i, mutum 85 suka rasu, wasunsu a cikin mota suna ƙoƙarin tserewa.

Kada man mota ya sauka ƙasa da rabin tanki. A ajiye jaka kusa da ƙofa: fasfo, magunguna, caja, takunkumin N95 (mai tace ƙurar hayaƙi), tsabar kuɗi.

Wanda ya ƙi fita ya sani 'yan sanda kan datse hanya. In ya fita cefane, da wuya a bar shi ya koma. Sau da yawa kuma ana yanke lantarki, famfon rijiya ya tsaya, abincin firji ya lalace. Don haka a tanadi ruwa, galan ɗaya ga kowane mutum kullum, na aƙalla kwana 3, da abincin gwangwani da rediyo mai batir. Neman mafaka ko abinci, a kira 211. In wuta ta ritsa da kai, 911.