Yadda Za a Shirya Daren Kallon The Twilight Zone Ga Waɗanda Ba Su Jin Turanci Sosai

Shirin The Twilight Zone ya fara fitowa a tashar CBS ta Amurka a watan Oktoban 1959, wato watan da aka buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan, ya kuma ci gaba har 1964 da kashi 156. Rod Serling ne ya ƙirƙiro shi, shi yake gabatar da shi, shi ne kuma ya rubuta 92 daga ciki. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa na al'ajabi ko ban tsoro ko ƙagen kimiyya, kuma yawancinsu ba su wuce minti 25 ba. Wannan ya dace da zaman Legas, inda mutum yake isowa gida a Agege ko Idi-Araba bayan isha'i, cunkoson motoci ya gama gajiyar da shi.

A fara da kashin da babu magana da yawa a ciki. Mafi dacewa shi ne The Invaders na 1961, wanda ya nuna wata mata ita kaɗai a gidan gona tana fafatawa da wasu ƙananan halittu da suka sauka a rufin gidanta, kuma har aka gama ba ta furta kalma ɗaya ba. Daga nan a kawo The Monsters Are Due on Maple Street na 1960, inda wuta ta ɗauke a wani layi, motoci suka ƙi tashi, maƙwabta suka shiga zargin juna. Duk wanda ya taɓa zama gidan haya mai ɗakuna da yawa zai fahimce shi nan take. Idan da yara a wurin, a tsallake Living Doll na 1963, domin 'yar tsana ce a ciki take barazanar kisa.

A nemo kwafi na halal tun da rana, a cika cajin kwamfuta saboda ɗaukewar wuta. Hoton fari da baƙi ne, kuma an yi shi ne don tsohon allo mai kusan murabba'i, saboda haka kada a miƙe shi ya cika talabijin ɗin zamani, fuskoki za su baje.

Babban aiki yana kan mai fassara, kuma a ganina nan ne daren yake gyaruwa ko ya lalace. Ya kamata ya kalli kashin shi kaɗai tun kafin a taru. Jawabin da Serling yake yi a farko shi ne mabuɗin labarin, don haka a tsayar da shirin a fassara shi daki-daki. Bayan wannan sai ya jira wuraren da allo yake yin baƙi, inda a da ake saka talla, ya taƙaita abin da aka faɗa cikin jimla biyu ko uku. Kada ya saka barkwanci irin wanda aka saba ji a fassarar finafinan Indiya, domin shirin yana tara fargaba ne a hankali, dariya ɗaya kuwa tana watsar da ita. Kada kuma ya ce "ku dai ku lura da mutumin nan", saboda kusan kowane labari yana juyewa ne a mintunan ƙarshe, kuma wannan juyin shi ne ladan mai kallo.

Yana da kyau ya yi wa jama'a ɗan bayanin zamanin. Amurkawa a lokacin suna cikin tsoron bam ɗin nukiliya saboda takun-saƙarsu da Tarayyar Sobiyet, Serling kuma ya fake da baƙin halittu ne don ya yi magana kan wariya da zargi da zalunci, abubuwan da masu biyan kuɗin talla suka sha tsoma baki a kansu cikin rubuce-rubucensa na baya.

Kashi ɗaya ya isa a dare, biyu idan washegari babu fita. Kashi 18 na zango na huɗu, waɗanda suka fito a 1963, kowanne ya kusa awa ɗaya, don haka a ajiye su sai jama'a sun saba.